Don Allah a bar furen Mambila a inda ya tsiro

Aikina raka baƙi hawan tsaunukan Mambila da Gashaka a jihar Taraba. Daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato ke fama da zafin bazara, a can sama ruwan farko ya sauka. Filayen da makiyaya suka ƙona da rani sai su yi tofo, furanni su keto ta cikin toka tun ciyawa ba ta yi tsawo ba. Mai tafiya Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, haka zai yi ta ratsa su.

Roƙona ɗaya ne, 'yan uwa: kada a tsinka, kada a tono.

Da yawa daga furannin nan albasa gare su a ƙarƙashin ƙasa. A cikinta suke ɓoye abinci duk rani, shi ya sa wuta ke wucewa ta kansu ba ta kashe su ba. 'Yan makonni kawai suke da su na yin fure, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi su kai musu ziyara, su yi iri. Ka tsinke furen, irin bana ya tafi. Ka tono albasar, ka ɗauke shekarun da ta yi tana girma. Baƙo yakan ce min, "Malam, ai a gida zan dasa." Abin da ya saba da sanyi da hazon tsauni, da wuya ya jure zafin tsakar gida a Kano. Wannan yana min ciwo ƙwarai, domin gurbin da aka tone nakan tarar da shi fayau a shekara mai zuwa.

Akwai kuma haɗari. Baurairai, mai fure ja da ruwan ɗorawa da ke fitowa can cikin damina, saiwarsa kamar ƙaramar doya take, amma guba ce mai kisa. A kula da yara.

Chappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma doka ta hana cire tsiro a ciki. A bi sawun da aka riga aka taka, domin sabuwar hanya a gangare ita ruwa ke bi ya yi zaizaya. Hoto kuwa a ɗauka iya son rai. A fita da asuba da rigar sanyi, a fara saukowa kafin hadarin yamma ya haɗu.