Ganyen Daji Abinci Ne, Amma a Kiyayi Feshi

Idan damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, sai Allah cikin rahamarsa ya shimfiɗa wa talaka abinci a bayan gari. Tafasa da gasaya da lalo da yaɗiya suna fitowa ba wanda ya shuka su. Mata su tsinko, su dafa, su matse ruwan, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da albasa. Ganyayen nan suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A mai taimakon gani. A yunwar 2005 a Nijar, da ganye da 'ya'yan anza ƙauyuka da yawa na Maraɗi da Damagaram suka rayu.

To, amma zamani ya zo da maganin feshi. Manomin da a da yake duƙawa da fartanya, yau goya tanki yake yi ya fesa wa ciyawa guba, kuma gubar ba ta bambanta tafasa da sauran haki. Wani maganin sai bayan kwanaki yake nuna kansa. Ganye na nan kore shar, yarinya ta zo ta cika kwando. Ganyen nan tamkar baƙo ne da ya yi sallama da fara'a, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo masa ruwa, yara suka kewaye shi, alhali wuƙa na ɓoye a cikin rigarsa. Bayan cin tuwo sai amai da gudawa da ciwon ciki, gida ya ce maita ce.

Ba maita ba ce, sakaci ne! Rai amana ce. Manomin da ya yi feshi ya yi shiru, da uwar da ta tura ƙaramin yaro tsinko ganye ba ta tambayi inda zai je ba, kowannensu zai amsa tambaya gobe ƙiyama. Wankewa ba ta isa ta fitar da maganin da ya riga ya shiga jikin ganye.

Sauran sharuɗɗan cin ganyen daji gajeru ne. A guji ganyen juji da bakin kwata. Kada a rikita tafasa da rai-ɗore. Anza kuwa sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa.

Ya kamata masu unguwanni da limamai su sanar a masallatai da kasuwanni cewa duk wanda ya yi feshi ya kafa alama a gonarsa, wanda kuma ya ci ganye jikinsa ya rikice a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abincin.