Dabara Ma Noma Ta A Ke Yi

A Gubuchi da sauran ƙauyukan ƙasar Makarfi, da Ikara, da Kudan, kukan manoma ɗaya ne: takin zamani ya yi tsada, ƙasa ta gaji, ga ƙuduji yana cin dawa da masara. Wanda ya tsaya kan hanya ɗaya tak, rumbunsa raguwa zai riƙa yi kowace kaka. Maganin wannan kuwa dabara ce. Mutane suna tsammani dabara sai mai baiwa, amma koyonta a ke yi, kuma matakanta uku ne.

Na fari, duba. A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, yana ta fama da dashen itatuwa a ƙasar Maraɗi, suna mutuwa. Ran nan ya lura da 'yan tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona, ya ga ashe tohon kututturan itatuwa ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Sai aka fara barin toho mafi ƙarfi, a rage sauran. Da wannan 'yar dabara itatuwa suka komo a fili fiye da hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Kowa yana wuce kututturan nan, wanda ya tsaya ya duba shi ya gane.

Na biyu, tambaya. Manomi ya tambayi kansa, don me kusurwar nan ta gona ta fi waccan kyau? Ya kuma tambayi dattawa dalilin abin da su ke yi. A dā malaman gona da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ci baya ne. Sai a 1966 da 1967 Dokta David Norman na Samaru ya bi manoma a Hanwa, da Ɗan Mahawayi, da Doka ta kan hanyar Kano, ana rubuta aikinsu da amfaninsu. Lissafi ya nuna haɗin shuka ya fi kawo kuɗi a kowace eka, kuma in damina ta ɓata iri ɗaya, wani ya kan tsira. Ashe dabarar kakanni da hujjarta.

Na uku, gwaji, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kada a gwada sabon abu a gona duka, gama abincin iyali ba abin caca ba ne. A ware kunya 10, a bar wasu 10 kusa da su a kan yadda aka saba. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Abu guda kaɗai za a sāke, in ba haka ba, ba za a san abin da ya kawo bambanci ba. Da kaka a sussuke kowane dabam, a auna da mudu.

Ga misali. Saiwar waken soya tana sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro, amma ba ta ciyar da ita, sai ta mutu. Mai gonar da ƙuduji ya dama sai ya shuka waken soya a gefe ɗaya bana, baɗi ya sa masara ko'ina, ya ƙidaya ƙudujin da ya fito a kowane gefe. Amma fa ƙwayar ƙuduji ta kan shekara 10 ko fiye a ƙasa, saboda haka damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. A maimaita.

Aikin nan ba na manomi kaɗai ba ne. Ɗan kasuwa mai sayen rake da mazarƙwaila a Makarfi yana zaga garuruwa, sai ya kawo labarin abin da ya gani a gonakin wasu. Akawu ko ɗan makaranta ya taimaka da rubuta ranar shuka da yawan mudu, domin zuciya tana mantuwa, takarda ba ta yi.

Gwajin da bai yi kyau ba, ba asara ba ne, kunya 10 kawai ya ci, an kuwa san hanyar da ba ta ɓullewa. Wanda ya yi kyau, a gaya wa maƙwabta tun kafin shuka ta zo.