Yadda Ake Zaunar da Yaro a Mota a Hanyar Jega da Maiyama

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri hanya ce ta manyan motoci, ga tireloli ga masu lodin albasar Aliero. A kanta muke kai yara biki da suna da makaranta, galibi a cinyar uwa a gidan gaba. Babu wurin da ya fi wannan haɗari a cikin mota. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10. Komai ƙarfin uwa, yaro zai suɓuce mata ya daki gilashi.

Da farko, mayar da yaro baya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunne cewa yaron da bai kai shekara 12 ba gidan baya ne wurinsa. Jakar iskar nan da ke fitowa lokacin karo don ƙirjin babba aka yi ta, shi kuwa yaro a ka take samunsa.

Sai ka samo kujera daidai girmansa. Jariri ana sa shi a wadda ke fuskantar baya, domin kansa ya fi ƙarfin wuyansa. A Turai ba a juyo da shi sai ya kai wata 15 aƙalla. Daga nan sai mai fuskantar gaba wadda ke da igiyoyinta. Ka ja su sosai, har ya zama ba ka iya tsunkulo igiyar da yatsu biyu a kafaɗarsa.

Inda iyaye suka fi yin sakaci shi ne daga shekara 4 zuwa sama. Yaro ya yi wayo, sai a ce ya isa ɗaura bel ɗin manya. Bai isa ba. Bel ɗin zai bi ta wuyansa da tumbinsa, in aka yi karo ya ji wa hanji da laka ciwo. Maganin wannan shi ne kujerar ƙarin tsawo, wadda ake yi wa yara masu nauyin kilo 15 zuwa 36. Ka ɗora ta a gefen da bel yake da igiyar kafaɗa, ka zaunar da yaron bayansa ya jingina. Igiyar ƙasa ta kwanta a saman cinyoyi, ta sama ta bi tsakiyar kafaɗa ta sauko ƙirji. Kada ka yarda ya tura ta ƙarƙashin hammata ko bayansa, ko da kuka zai yi tun daga Jega har Birnin Kebbi. Filo ba ya maye gurbin kujerar, zamewa yake yi. A Ingila doka ta tilasta irin wannan kujera har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135. Wannan awo ya dace da namu yaran: ka yi alama a bangon ɗaki, ka riƙa gwada su.

Idan kujera ta hannu za ka saya, duba robar da kyau. Zafin rana na busar da ita, kuma wadda ta tsage ko ta taɓa shiga haɗari ba abin dogara ba ce.

Kafin ka tayar da mota, murɗa ɗan makullin da ke gefen ƙofofin baya don kada su buɗu ta ciki. Kuma kada ka bar yaro a rufe ka shiga kasuwa, balle a bazarar Kebbi.

A motar haya, uwargida, ki biya wa yaron kujerarsa a baya ko da 'yan kamasho sun ce ki ɗauke shi a cinya. Kada ki haɗa kanki da shi a bel ɗaya, nauyinki ne zai matse shi.

In tsautsayi ya faru, kira lambar FRSC, 122, kuma kada a fizgo yaro ta hannu ko a girgiza masa wuya. Aliero ta yi suna da ɗori, amma mai ɗori ƙashi yake haɗawa. Yaron da ya bugu a ka, ko yake amai, ko barci ke fizgarsa, a fara kai shi asibiti ko da babu jini a jikinsa.