Darasi Na 17: Gatarin Kurege

Da damina, in mun shiga daji, mukan ga wani fure mai ja da rawaya, kamar harshen wuta. Sunansa gatarin kurege. Waɗansu suna ce masa baurere. A Turai sayensa ake yi da kuɗi, a dasa a tukunya cikin ɗaki. A ƙasar Zimbabwe shi ne furen ƙasa. Mu kuwa Allah ya ba mu shi kyauta.

Yana da saiwa mai kama da dankali, amma siririya ce, a lanƙwashe kamar gatari. A kowane bakin saiwar akwai ido. Daga idon nan tsiro ke fitowa. Saiwar ba ta da wuyar karyewa, sai mu ɗauke ta a hankali. In idon ya ɓare, ba za ta tsira ba.

Ga yadda za mu dasa shi. Mu sami tsohuwar tukunya, mu huda gindinta domin ruwa ya riƙa fita. Mu zuba ƙasa mai yashi, mu gauraya ta da ruɓaɓɓen taki. Da farkon damina sai mu binne saiwar a kwance, zurfin inci 2 ko 3. Sa'an nan mu kafa kara a gefe, gama kowane ganye yana da ƙugiya a baki, da ita yake kama kara ya hau. Mu ajiye tukunyar inda hantsi ke samunta, ban da zafin tsakar rana. Kada mu cika masa ruwa. Ruwan da ya kwanta yakan ruɓar da saiwa.

Da kaka ganyen yakan bushe. Ba mutuwa ya yi ba, hutawa yake yi. Sai mu daina ba shi ruwa har damina ta kewayo.

To, jama'a, ga babbar magana. Furen nan guba ne duka, da ganye, da 'ya'ya, balle saiwar. Likitoci suna kiran gubar kolcisin. Dafawa ba ta kashe ta. An sha samun waɗanda suka ci saiwar suna tsammani dankali ce, suka mutu. Wanda ya ci, makogwaronsa yakan yi zafi, sa'an nan amai da zawo su biyo. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da ragowar saiwar a nuna wa likita.

Saboda haka mu sa tukunyar inda yara da awaki ba su kai. Kada mu ajiye saiwar kusa da dankali ko rogo. In mun taɓa ta, mu wanke hannu da sabulu. Tun da yanzu mun iya rubutu, kowa ya ɗauki alli ya rubuta GUBA a jikin tukunyarsa.

Tambayoyi
1. Daga ina tsiro ke fitowa?
2. Don me muke huda gindin tukunya?
3. In yaro ya ci saiwar, me za mu yi?