Darasi Daga Jinyar Michael Schumacher

A Disamba 2013, Michael Schumacher, Bajamushen da ya zama zakaran tseren motoci na Formula 1 sau bakwai, ya faɗi yana wasan zamiya a kan ƙanƙara a Faransa, kansa ya bugi dutse. Likitoci suka sa shi doguwar suma don kumburin ƙwaƙwalwarsa ya sauka. Sai Satumba 2014 ya koma gida.

Irin wannan jinya ta shekaru ce, tana buƙatar natsuwa, shi ya sa iyalinsa suka ɓoye halin da yake ciki. A 2023 wata mujallar Jamus ta buga hirar ƙarya da shi, aka kori editarta.

Mu 'yan kulob ɗin jarida mu kiyaye: ciwon mutum sirrinsa ne. Idan ɗan ajinmu ya kwanta, mu je dubiya, kada mu yaɗa hotonsa.