Shawara Ga Wanda Ƙarar Maƙwabci Ta Hana Barci

Duk wanda ya kwana a ɗakin da tagarsa ke kallon janareton maƙwabci, yana jin ƙarfe na kaɗawa har asuba alhali jariri ya kasa runtsawa, ya san cewa hayaniya cutarwa ce ta haƙiƙa, wadda shari'a da dokar ƙasa duk suka hana. A Najeriya, hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar ƙayyade ƙara ta 2009, kuma haddin da ta yanka wa unguwannin zama ya fi tsanani da dare.

Amma kada ka fara da hukuma, domin haƙƙin maƙwabtaka babba ne, kuma sau da yawa mai injin bai san iyakar illarsa ba, tun da ya ajiye shi nesa da ɗakinsa, a jikin bangonka. Ka same shi da rana, ku kaɗai, bayan gaisuwa, ka roƙi abu ƙayyadadde: ya janye injin daga katanga, ya ɗora shi bisa tsohuwar taya, ya gyara salansa, ya kashe shi da ƙarfe goma.

In ya ƙi, sai mai unguwa ko liman, waɗanda sulhunsu ya fi ƙarar kotu ɗorewa. In abin ya faskara, ka rubuta ranaku da sa'o'i, ka ɗauki sautin da waya, ku kai koke a rubuce ga sashen tsabtar muhalli na ƙaramar hukuma, da sa hannun sauran maƙwabta.