Harshen Kasuwa da Harshen Damfara: Darasi Ga Mai Koyon Hausa a Abuja

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, "Tafiya mabuɗin ilimi," amma ba su ce kowane matafiyi ne ke komawa gida da guzurinsa lafiya ba. Duk inda baƙi ke taruwa, ko don fatauci ko don yawon buɗe ido, akan sami mutum biyu suna jiran su: mai neman halaliyarsa, da mai neman abin da ke aljihun wani. Abin da ya ja hankalina a matsayina na mai nazarin harshe shi ne, mutanen nan biyu da kalmomi iri ɗaya suke magana. Dukkansu suna cewa "amana," dukkansu suna cewa "ɗan'uwa."

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana wasu kalmomin fatauci da ciniki, sannan in nuna yadda ɗan damfara ke aron su. Na rubuta ta ne musamman don 'yan'uwana ɗalibai waɗanda, kamar ni, ba a nono suka tsotsi Hausa ba, a aji da kasuwa suka koye ta. Da yawa daga cikinmu za a nemi mu raka baƙo kasuwa ko mu yi masa tafinta, kuma a ranar ba jarrabawa za a faɗi ba, kuɗin mutum ne za su salwanta.

2.0 Abuja da Baƙinta

An kafa dokar samar da sabon babban birnin tarayya a 1976, gwamnati kuma ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Saboda haka Abuja gari ne da akasarin mazaunansa zuwa suka yi, ga kuma jakadu da mahalarta taruka da ke shiga da fita kullum. Wuraren da aka fi kai baƙo sun haɗa da Dutsen Aso, da Babban Masallacin Ƙasa, da Babbar Majami'ar Ƙasa, da wurin shaƙatawa na Millennium wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a 2003. Akwai ƙauyen Ushafa da ya yi suna wajen ginin tukwane, inda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Akwai kuma Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100, wanda a jihar Neja yake, kusa da Madalla, ko da yake mutane na kiran sa ƙofar Abuja.

Bayan kallo sai tsaraba. Baƙo zai so jakar fata, ko hula, ko tukunya irin ta garin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20. Zai kuma bukaci canji, wanda ke kai shi Wuse Zon 4. A Kasuwar Wuse da wajen 'yan canji Hausa na cikin harsunan da aka fi ji, don haka wanda ya iya ta yana da abin hannu.

3.0 Kalmomin Fatauci da Tsarin da ke Bayansu

Bahaushe ya daɗe yana ciniki a ƙasar da ba tasa ba. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke Gana ta yau, su kai kanwa da tufafi da kayan fata, su sayo goro. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi wannan fatauci na goro kafin ya shahara a cinikin gyaɗa. Ga wasu kalmomin da wannan sana'a ta bar mana:

Farke: mai kai kaya gari mai nisa don sayarwa. Jam'insa fatake.
Ayari: rukunin fatake masu tafiya tare.
Madugu: shugaban ayari.
Zango: inda ayari ke yada kaya ya kwana. Shi ya sa unguwannin Hausawa a Gana ake kiran su Zongo har gobe.
Fatoma ko maigida: mai saukar da farke, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki.
Dillali: mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. An aro ta daga Larabci.
La'ada: ladan dillali. Ita ma daga Larabci take, asalinta "al'ada," wato abin da aka saba bayarwa.

Idan aka lura, kowace kalma a nan amsa ce ga tambaya ɗaya: yaya baƙo zai yi ciniki da wanda bai sani ba, kuma ba a cuce shi ba? Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna cewa cinikin shanu da goro a can bisa maigida ya dogara. Maigida yana da gida, yana da suna, kuma idan ya ci amanar farke ɗaya labari zai kai Arewa, sauran fatake su guje shi. Wato amana a wancan tsari ba daɗin baki ba ce. Tana da adireshi, tana da shaidu.

4.0 Matakan Ciniki

Ga misalin ciniki kamar yadda nake jin sa a rumfunan masu kayan fata:

Mai saye: Salamu alaikum. Alhaji, ya kasuwa?
Mai kaya: Kasuwa alhamdu lillahi. Me za a ba ka, ɗan samari?
Mai saye: Jakar nan nawa?
Mai kaya: Dubu ashirin, amma taya.
Mai saye: A bar mini dubu takwas.
Mai kaya: Albarka. Ko uwar kuɗi ba ka kai ba.
Mai saye: To, nawa ne gaskiyarta, Alhaji?
Mai kaya: Kawo sha biyar.
Mai saye: Na saya sha biyu.
Mai kaya: Na sallama. Allah ya sa albarka.

Akwai darussa uku a nan. Na farko, "albarka" a bakin mai kaya ba godiya ba ce, ƙin tayi ce cikin ladabi. Na biyu, kuɗin da aka fara faɗa ƙofar ciniki ce kawai, kowa ya san za a sauko. Na uku, "na sallama" ita ce ke rufe ciniki. Idan ka taya aka sallama maka, sannan ka juya ka tafi, ka yi abin kunya. Saboda haka kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. A kayan awo kuma, bayan an sallama akan nemi gyara, wato ɗan ƙarin da mai kaya ke yi don kyautatawa.

5.0 Ba Kowace Cuta ce Damfara ba

Mu masu koyo mukan haɗa kalmomi da dama mu ba su fassara ɗaya, alhali Bahaushe ya rarrabe su:

Tsawwalawa: sa wa kaya kuɗi fiye da kima. Maganinta iya tayi.
Algus: gauraya mai kyau da marar kyau, kamar zuba ruwa a madara.
Tauye mudu: rage awo.
Jabu: abin da aka kwaikwaya, kuɗi ne ko kaya ko takarda.
Zamba cikin aminci: cutar wanda ya yarda da kai.
Damfara: shirya ƙarya tun daga tushe don a raba mutum da dukiyarsa.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga tafinta. Idan mai kaya ya ce dubu ashirin ka ce wa baƙonka "ɗan damfara ne," ka ɓata sunan bawan Allah a banza. Idan kuma aka miƙo jabu ka ce "ai ciniki ne," ka cuci baƙon.

Mutane kan kira ɗan damfara "ɗan 419." Lambar ta fito ne daga sashe na 419 na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya. A Abuja da jihohin Arewa kundin Final Kod ake bi, inda sashe na 320 ya yi bayanin laifin cuta. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan damfarar neman kuɗin kafin alƙalami, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da mutane a ƙarƙashinta.

6.0 Yadda Ɗan Damfara ke Aron Harshe

Dabarun da ake yi wa masu yawon buɗe ido a manyan biranen duniya sanannu ne. A Faris wani zai yi kamar ya tsinci zoben zinariya a gabanka, ya ba ka, sannan ya nemi tukuici, alhali zoben tagulla ne. A Bankok wani mai fara'a zai ce maka fadar sarki a rufe take yau, ya kai ka shagon duwatsu masu daraja na bogi. A wajen dalar Giza ta Masar akan ce hawa raƙumi araha ne, sai ka zo sauka a yanka maka wani kuɗin. A Istanbul mai gyaran takalmi zai yar da buroshinsa, ka tsinta masa, ya goge maka takalmi da sunan godiya, daga baya ya nemi kuɗi mai yawa.

Harsuna sun bambanta, amma makamai uku ne: kwaɗayi, gaggawa, da kunya. A 1925 wani mai suna Victor Lustig ya yi shigar jami'in gwamnati ya "sayar" wa wani dillalin tsofaffin ƙarafa Hasumiyar Eiffel, kuma kunya ta hana wanda aka cuta kai ƙara. Da Hausa ma haka abin yake. "Don kai ne" kwaɗayi take tayarwa. "Yanzu wani ya taya" gaggawa take sawa. "Haba ɗan'uwa, ba ka yarda da ni ba ne?" kunya take jawowa, har mutum ya kasa ƙirga kuɗinsa a gaban mai ba shi.

A Abuja misali mafi muni shi ne 'yan "wan cans," masu shigar direban tasi da fasinjoji su yi wa wanda ya shiga fashi. Sunan ma aro ne daga kiran da 'yan kamasho ke yi cewa saura gurbin mutum ɗaya. A harkar canji kuwa, ba duk mai ɗaga hannu a bakin titi ne ke da lasisi ba. A Maris na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, don haka tambayar "ina ofishinku?" ba rashin kunya ba ce.

Fataken yau jirgi suke hawa zuwa Dubai, da Guangzhou ta ƙasar Sin, da Alƙahira, da Jidda. A can ma akwai Hausawa masu aikin fatoma: su tarbi ɗan kasuwa, su yi masa tafinta, su haɗa masa kaya a kwantena. Akasarinsu mutanen kirki ne. Haɗarin shi ne, wanda ya sauka a ƙasar da ba ya jin harshenta, da zarar ya ji "sannu da zuwa, Alhaji," sai ya saki jiki. Jin Hausa a bakin mutum ba shaidar halinsa ba ce. Haka nan al'adar karɓar saƙo a filin jirgi tana bukatar hattara. A Disamba 2018 an tsare wata ɗaliba 'yar Nijeriya a Saudiyya saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, ba a sake ta ba sai a Afrilu 2019. Ita ko saƙon ma ba ta karɓa ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa?

Bambancin fatoma na gaskiya da na ƙarya a nan yake: na gaskiya yana da wurin zama da mutanen da suka san shi, na ƙarya kalmomin kawai ya mallaka.

7.0 Shawarwari Ga Ɗalibi Mai Rakiya

(a) Ka tambayi kuɗin abu a rumfa biyu ko uku kafin ka taya. Matambayi ba ya ɓata.
(b) A yanka kuɗin mota ko na jagora kafin a tashi.
(c) Kada a biya kuɗin abin da ba a gani ba. Ba a cinikin biri a sama.
(d) A ƙirga canji a gaban mai shi, a cikin ofis, a karɓi rasit.
(e) A hau mota a tasha, ko wadda aka san direbanta.
(f) Ka fassara wa baƙonka abin da aka faɗa duka. Idan mai kaya ya ce maka da Hausa, "Ka bari ya saya, akwai naka a ciki," to ka sani la'adar da aka ɓoye wa wanda ya yarda da kai zamba cikin aminci ce.

Wannan shawara ta ƙarshe ita ce ta fi shafar mu. An sha yi mini irin wannan tayi a kasuwa idan na raka baƙo, kuma amsar da na ga tana aiki ba tare da an ɓata wa kowa ba ita ce: "A'a Alhaji, baƙona ne, a rage masa kawai."

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kalmomin fatauci sun ginu ne a kan tsarin da ke kare baƙo, mun bi matakan ciniki daga tayi zuwa sallamawa, mun kuma rarrabe tsawwalawa da damfara. Ƙamus zai ba ka ma'anar "amana," amma sai ka zauna a kasuwa za ka san wanda ya cancanci a ba shi ita. Ina ba 'yan'uwana shawara kowa ya sami rumfa ɗaya a Wuse ko Gwagwalada, ya nemi izinin mai ita, ya zauna awa guda ya rubuta duk kalmar ciniki da ya ji, sannan ya kawo mu kwatanta a aji. Na tabbata za a samo wasu da ban kawo a nan ba.